Tambayar da Likita Ya Yi a Gaban Baba

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba, ƙarfe goma na safe, a wani asibiti a Malumfashi. Mu huɗu ne a ɗakin: ni a kwance, mahaifina a kan kujera, matata a tsaye riƙe da kwanon koko, sai likita. Matata tana da cikin wata uku, na fari bayan shekara shida da aurenmu, kuma daga ni sai ita muka sani.

Kwanana tara ke nan cikin zazzaɓi. Kaina yana sara ta bayan idanu, zufa tana jiƙa katifa, ga busasshen tari, idona ya yi rawaya. Sau biyu ina shan maganin zazzaɓin cizon sauro a banza.

Likita ya tambaya ko muna kiwo. Baba ya ce awakin matata biyu sun yi ɓari da bazara, ita ta kwashe mahaifar ta zuba a juji, ni kuma na yashe takin na kai gona.

"Daga nan ne," in ji likita. "Zazzaɓin Q ake ce masa. A ƙurar takin ake shaƙarsa."

Baba ya yi dariya. "Likita, ga mai awakin nan garau, 'yar mura kawai ta yi. Ƙaton ne dai rago."

"Haka ciwon yake, Alhaji. Ya fi kayar da maza, mace takan ɗauka ba ta ma sani ba. Sai dai yana taɓa ciki. Akwai mai juna biyu a gidan?"

Matata ta sunkuyar da kai. Na dubi Baba. A wajenmu ba a ambaton cikin fari a gaban mahaifi.

"Babu," na ce.

Na yi niyyar komawa ni kaɗai in gaya wa likitan gaskiya. Amma magani ya karɓe ni, ruwa ya sauka, shuka ta ɗauke mini hankali, ita kuma tana ta hidimarta lafiya. Bayan mako biyar cikin ya zube.

Ban san tabbas ko gwaji da magani za su tsayar da shi ba, kuma rashin sanin nan ne ya fi damuna. Duk safiyar da yaran unguwa suka wuce makaranta, nakan duba waɗanda za su yi sa'annin ɗan da muka rasa, in zaɓa masa tsayi da murya.

Na koyi cewa kunya tana da wurinta, amma ba a gaban likita ba. Baba ya rasu bai san an taɓa samun cikin ba.