Haddu u Lahsan da Shaidar da Ya Riƙe Tun Daga Elba

Haihuwa da asali

An haifi Haddu u Lahsan, wato Haddu ɗan Lahsan, a shekarar 1919 Miladiyya, wadda ta yi daidai da 1337 Hijiriyya, a zangon Ait Warzin da ke tuddan Zammur, kudu da Hamisat, cikin tantin gashin akuya na mahaifinsa Lahsan u Assu, makiyayi kuma manomin sha'ir, da mahaifiyarsa Itto, wadda ta yi suna wajen saƙar darduma. Shi ne na uku cikin 'ya'ya bakwai, kuma shi kaɗai ne namijin da ya rayu har ya mallaki hankalinsa. Ya yi karatun allo a tantin malamin zango har ya kai izu huɗu, daga nan kiwo ya ɗauke shi. Waɗanda suka san shi a ƙuruciya sun tabbatar da cewa yaro ne mai surutu da barkwanci, abin da jikokinsa, da suka tarar da shi tsoho mai shiru, suka ƙi yarda da shi sam.

Ƙulla tada

A bazarar 1936 mutanen Ait Warzin da maƙwabtansu Ait Umnas suka sabunta tada, wato amanar 'yan'uwantaka da kakanni suka ƙulla tsakaninsu. Bayan an ci kuskus a akushi ɗaya a gaban hubbaren Sidi Bu Amran, kowane namiji ya cire takalminsa na dama, aka tara na kowane ɓangare ƙarƙashin bargo, wani dattijo ya riƙa zaro su bibbiyu. Takalmin Haddu ya fito tare da na Raho u Bassu, wani dogon saurayi na Ait Umnas. Daga ranar ya haramta ga Haddu ya cuci Raho ko wani na gidansa, ko ya yi musu ƙarya ko da ta wasa ce, ko ya nemi aure a cikinsu, kuma haƙƙin iyalin kowannensu ya hau wuyan ɗayan.

An ruwaito cewa Raho ya ɗaga takalmin Haddu da yatsu biyu, ya ce, "Wannan ne rabona? Ai ko kare ba zai ɗauka ba!" Haddu ya ce, "Naka kuwa da na yi shuka a ciki da na ciyar da zango."

Aure da shiga soja

Haddu ya auri Yamna 'yar baffansa a 1940. Raho kuwa ya auri Tuda a 1941, ta haifa masa ɗa namiji, Ihlaf, a shekarar da ta biyo baya. A ƙarshen 1942, sakamakon ƙarancin amfanin gona da matsin hakimin Faransawa, su biyun suka shiga rundunar Gum, sojojin duwatsu da Faransa ke ɗiba daga ƙabilu, masu tafiya da alfadaransu, masu sanya jallabiyar ulu mai ratsi-ratsi a kan kakin soja. A watan Satumba na 1943 aka ɗora su a jirgin ruwa daga Aljiyas zuwa tsibirin Korsika, kuma wannan ne karon farko da kowannensu ya ga teku. Raho ya yi amai tun daga tashi har sauka, ya kuma rantse cewa in yaƙi ya ƙare da ƙafa zai koma gida. Sun yi yaƙi da Jamusawa a mashigar Tegim a farkon Oktoba, inda dutse ya zame musu gida, suka fita lafiya.

Saukar Elba

A watan Yuni na 1944 aka haɗa rundunarsu da sojojin Senegal da wasu dakarun Faransa, jiragen ruwan Ingila suka kwashe su domin ƙwace tsibirin Elba. An raba wa kowane soja ɗamarar roba da ake hura wa iska, aka yi bayani da Faransanci cewa a ɗaura ta can sama, ƙarƙashin hammata. Tafinta ya ce ɗamara ce. To, mutumin dutse ya san inda ake ɗaura ɗamara, don haka da yawa suka ɗaura ta a ƙugu. An kuma shawarce su da su tuɓe jallabiya, suka ƙi, domin a wurinsu ita ce riga, ita ce bargo, ita ce likkafani.

Ranar 17 ga wata da safe wutar Jamusawa ta yi tsanani a babbar gaɓar da aka nufa, sojojin Senegal suka zuba a kan nakiyoyi, sai aka karkatar da jiragen 'yan Gum zuwa wata 'yar ƙaramar gaɓa. Jirgin su Haddu ya saki ƙofarsa tun bai kai tudu ba. Raho, wanda ke ɗauke da akwatunan harsashi, ya taka ya faɗa rami, ulu ya sha ruwa, ɗamarar da ke ƙugunsa ta ɗaga ƙafafunsa sama ta danna kansa ƙasa. Haddu, da ruwa ya kai masa wuya, ya laluba har ya kama hular jallabiyar, ya ja shi zuwa kan yashi, amma kafin nan rai ya yi halinsa. Ya rufe masa ido da hannunsa, ya juya fuskarsa wajen da yake zaton alƙibla ce, sannan sajan ya daka masa tsawa ya bi sahu zuwa cikin duwatsu.

Da tsibirin ya faɗi bayan kwana biyu Haddu ya koma gaɓar, bai tarar da gawa ba, bai kuma sami wanda zai ce masa ruwa ne ya janye ta ko an haɗa ta da wasu an binne ba. Hukumar soja ta sanya Raho cikin waɗanda suka ɓace. A duk duniya babu mai shaidar mutuwarsa sai mutum ɗaya. Daga Elba Haddu ya bi rundunarsa zuwa Marsai, da duwatsun Bosh masu ƙanƙara, har cikin ƙasar Jamus, aka sallame shi a ƙarshen 1945.

Komowa da zaman dattawa

Ya tarar da ƙasa cikin shekarar yunwa, wadda ta kashe mutane da dama, cikinsu har da tsoho Bassu, mahaifin Raho, wanda ya rasu a farkon 1945 ya bar gonar kwari mai ban ruwa. 'Ya'yansa biyu da suka rage, Akka da Mimun, suna jiran Haddu kamar yadda ake jiran ruwan fari. Dalili kuwa a fili yake: in Raho ya riga mahaifinsa rasuwa, to ɗansa Ihlaf ba shi da gado, baffanninsa sun tare shi, sai dai Tuda ta kwashe tabarmarta ta bar gonar. In kuwa ba a tabbatar da mutuwarsa ba, dole a ajiye kasonsa a hannun matarsa da ɗansa har labari ya zo.

Tun kafin a kira zama Tuda ta tare shi a bakin rijiya, yaron yana riƙe da gefen mayafinta. Haddu ya buɗe baki zai yi magana, ta ɗaga hannu. "Ɗan'uwa, ban tambaye ka ba," in ji ta. "Na san ba ka yi wa gidanmu ƙarya, shi ya sa ban tambaya ba. Ka bar ni da abin da na sani."

Ya ce, "Tuda, shekarunki ashirin da ɗaya. Kin san abin da kike ɗauka?"

Ta ce, "Na san inda yaron nan zai ci abinci."

A watan Janairu na 1946 dattawa suka zauna a gaban hubbare, aka nemi Haddu ya rantse a kan ranar da Raho ya mutu. Ya miƙe ya ce, "Ya ku iyayena, ba zan yi muku ƙarya ba, tada ta hana ni. Ba kuma zan rantse ba. Abin da ya faru a Elba yana nan a cikina, a nan zai zauna."

Akka ya zabura ya ce, "Kai, Haddu! Mu ba 'yan tadarka ba ne? Takalmin Raho kaɗai aka saka a bargon?"

Haddu ya ce, "Yaya Akka, naka ya fito da na wani. Je ka tambaye shi."

Malamin zango ya karanta masa ayar da ta hana ɓoye shaida, ya faɗa masa ƙarara cewa mai ɓoye ta zuciyarsa mai zunubi ce. Haddu bai yi musu ba, ya ce, "Na ji, Malam. A rubuta mini zunubin." Dattawa suka yanke cewa a ajiye kason Raho, suka kuma yanke cewa mutumin da ya ƙi ba da shaida ba za a sake karɓar shaidarsa a kan komai ba.

Shekarun shiru

Wannan hukunci ya bi shi tsawon rayuwarsa. Ba a ƙara sa shi cikin masu rantsuwa ba, ba a zaɓe shi cikin dattawa ba ko da gemunsa ya yi fari fat, ko cinikin tunkiya ba a kiransa ya tsaya a kai. A kasuwar Talata Akka kan ɗaga murya ya ce, "Ku ba beben Elba hanya!" yara kuma suka ɗauki sunan. A 1961 wani gida ya janye neman auren babbar 'yarsa saboda wannan magana. Masu cewa taurin kai ne kawai ke damunsa ba su san mutumin ba, kuma yawancinsu ba su taɓa riƙe sirrin da ya wuce kwana ɗaya ba.

Abin da ya fi ci masa rai bai taɓa fitowa fili ba sai ta bakin matarsa Yamna bayan rasuwarsa: ba ya iya cewa Allah ya jiƙan Raho a gaban kowa, ba ya iya yanka masa ko kaza da sunan sadaka, domin yin haka shaida ce. In ana ambaton mamata a Ashura sai ya tashi ya tafi duba alfadari.

Ya ci gaba da noma da kiwo, ya bar tanti ya gina ɗakin dutse a 1958. Kowace kaka yakan kai shanunsa ya yi wa Tuda huɗa kafin ya yi tasa, har Ihlaf ya girma ya karɓi garma. Bayan ƙasar ta sami 'yancin kai daga Faransa, da aka rushe kotunan al'ada aka kawo alƙalai, 'yan'uwan Tuda suka matsa mata ta je a yanke mata hukuncin mutuwar miji ta yi aure, kuma manema ba su yanke ba har ta haura talatin. Ta ƙi, domin hukuncin da zai sake ta shi ne zai fitar da ɗanta daga gona. Akka ya kai ƙara sau biyu, sau biyu ana kiran Haddu, sau biyu yana maimaita maganarsa ta farko ba ƙari ba ragi. Akka ya rasu a 1968 bai yafe masa ba, kuma Haddu na cikin waɗanda suka haƙa kabarinsa.

Sulhu

A 1981 Mimun, wanda tsufa ya kama, ya sami kujerar Hajji, ya ce ba zai tsaya a Arfa da rigimar gona a wuyansa ba. Ya tara 'ya'yansa da na Akka, ya kai su gaban adalai, masu rubuta shaida na kotun alƙali, a Hamisat, suka sallama wa Ihlaf kason mahaifinsa har abada, ko Raho na raye ko ba ya raye.

Bayan Babbar Sallah ta wannan shekarar Tuda, tana da shekara hamsin da bakwai, ta hau jaki ta zo Ait Warzin da hantsi, da ƙullin farin yadi a cinyarta. Ta tarar da Haddu a inuwar ɗakinsa, ciwon ƙirji ya riga ya rage shi. Bayan an sha shayi ta ajiye kofi ta ce, "Ɗan'uwa, yau na zo tambaya."

Ya ce, "Ya rasu, Tuda. Ranar da muka sauka Elba, da safe, a cikin ruwa. Ni na fito da shi, ni na rufe masa ido."

Ta ce, "Ya sha wuya?"

Ya ce, "Ya sha. Amma bai daɗe ba."

Ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Haddu ya ɗaga hannuwansa ya ce, "Allah ya jiƙan Raho u Bassu," da ƙarfin da har maƙwabta suka ji, sannan ya yi kukan da Yamna ta ce tun da ta aure shi ba ta taɓa ganin irinsa ba. Washegari ya yanka rago ya raba. Tuda kuwa ta koma gida ta sanya fararen kaya irin na matan da miji ya mutu ya bari. Liman ya aika mata cewa babu takaba a kanta, iddarta ta ƙare tun shekara talatin da bakwai da suka wuce. Ta ce a gaishe da liman, a gaya masa ta gode, amma ita jiya mijinta ya mutu.

Rasuwa

Haddu u Lahsan ya rasu ranar Alhamis, 14 ga Janairu, 1982, bayan sallar Azahar, yana da shekara sittin da uku. An yi masa sutura a gidansa, aka sallace shi a Ait Warzin, aka binne shi a maƙabartar Sidi Bu Amran, kuma Alhaji Mimun ne ya nemi a bar shi ya tsaya a sahun gaba. Ihlaf u Raho na cikin mutum ukun da suka shiga kabari suka karɓe shi. Ya rasu ya bar matarsa Yamna da 'ya'ya biyar: Rabha, Assu, Hadda, Bannasar da Zayid, da jikoki goma sha tara. Allah ya gafarta masa abin da ya ɓoye, ya saka masa a kan abin da ya tsare.

Matan Ait Umnas duka sun zo ta'aziyya in ban da Tuda, wadda ta aiko da kuskus da gaisuwa. Ba ta iya fitowa ba, domin ba ta gama takaba ba.