Saƙon da Ya Nutse a Cikin Hotunan Anko

Shekarun baya, ina aji biyu a ƙaramar sakandare, yayata mai karatun likita a Kano ta dawo gida Getso da jarrabawa ɗaya a wuyanta. Ta faɗi darasin sassan jikin mutum, aka ba ta damar sake rubutawa sau ɗaya tak. In ta ƙara faɗuwa, karatun likita ya ƙare.

Ita da bakinta ta ce waya ce ta ja mata. Sai ta buɗe guruf ɗin 'yan ajinsu don neman bayanin malami, kafin ta farga la'asar ta yi tana kallon bidiyo. Kashe wayar kuma ba zai yiwu ba, don a can ake sanar da komai. Shi ne ta damƙa mini ita.

"Auta, daga yau ke ce sakatariyata. Abin da ya shafi karatu ki kawo mini, sauran ki bar musu kayansu."

Inna tana tankaɗe ta ce, "Wannan da ko sallamarta sai an matso ake ji? To, Allah ya taimaka."

Sabis ba ya kamawa a gidanmu, sai a kan tudun da ke kusa da masussuka. Kullum da yamma nakan hau can, saƙonni su yi ta zubowa. Da farko na riƙe amana. Amma a hankali na san mutanen nan kamar 'yan unguwarmu, har da wadda kullum take cigiyar farar rigarta ta asibiti. Ana haka wata ta sa ranar biki, guruf ya cika da hotunan anko. Ni da ba wanda ya gayyata, har na zaɓi leshina a zuciya.

Ranar Asabar na koma kan tsofaffin saƙonni ina neman hoton wani leshi mai ruwan zuma, sai na ci karo da saƙon shugaban aji, tun na Talata. An matso da jarrabawar zuwa Litinin, alhali Yaya tana lissafin saura mako biyu.

Na same ta a kan tabarma tana zana ƙasusuwan hannu a bayan tsohuwar kalanda. Na tsaya a bakin ƙofa.

"Lafiya kika tsaya kamar baƙuwa?"

Na miƙa mata wayar. Ta karanta, ta duba ranar, ta ɗago ta dube ni.

"Me kike kallo ranar Talata?"

"Anko, Yaya."

Na fara hawaye, sai ta fashe da dariya. "Ashe cutar ta gida ce. Ɗauko mini jakata."

Washegari Baba ya kai ta tashar Gwarzo a babur. Ta ci jarrabawar, da ƙyar. Ta ce makonnin da ta yi ita da littafi kaɗai ne suka fitar da ita.

Yanzu likita ce, ni kuma ina shirin gama sakandare da tawa wayar a hannu. Ban ce na warke ba. Amma duk saƙon da ya shigo, na malami nake fara nema. Kuma har yau ina kewar hutun nan, lokacin da yayata ta ɗauki karatunta gaba ɗaya ta sa a hannun yarinyar da kowa yake mantawa tana ɗakin.