Shanun Yaya Buba na Jiran Ɗansa

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Buba, har yau ban iya zama wuri ɗaya idan watan ya kama.

Yana yaro kawunmu ya tafi da shi Kanada. A can ya girma, wasan hoki na kan ƙanƙara ya zama sana'arsa: takalma masu kaifin ƙarfe, sanda mai lanƙwasa, da ɗan faifan baƙar roba da ake kora cikin raga. Mu a rugarmu kusa da Beli, a ƙasar Rogo, a waya muke ganinsa yana sulɓi kamar tsuntsu. Da ya zo hutu ba haƙoran gaba, Inna ta yi salati. Baffa, mahaifinmu, ya ce, "Buba, ko saniya ba ta taɓa yi mini haka ba." Yaya Buba ya yi dariya har da hawaye.

Hatsarin mota ne ya yi ajalinsa, a hanyar ƙungiyarsu ta zuwa wasa. A can aka binne shi.

A gidanmu, ranar suna ake ba jariri karsana. Ta Yaya Buba ta hayayyafa, jikokinta na cikin garke. Yanzu na ɗansa Aliyu ne, wanda ke can wajen mahaifiyarsa, bai taɓa taka ƙasar Rogo ba. Wuraren kiwo na ƙanƙancewa, gonaki sun cinye burtali, gwiwoyin Baffa sun gaji. Yayyena sun ce a sayar. Baffa ya ce sai mai su ya zo ya gan su da idonsa.

Me Yaya Buba zai ce? Wani lokacin ina jin zai ce a sayar, tsoho ya huta. Sai kuma in tuna duk kiran da zai yi, kafin ya tambayi lafiyata sai ya tambayi jar saniyarsa.

Bana uwar Aliyu ta turo bidiyonsa a kan ƙanƙara. Ya faɗi, ya tashi, bai saki sandar ba. Baffa ya kalla, ya ce, "Hajara, sake sa mini." Da ya ƙare ya ce, "Riƙon makiyayi ne."

Washegari ya shiga daji ya saro sanda, ya fere ta daidai tsayin yaron da bai taɓa aunawa ba. Kofunan da Yaya Buba ya ci a wasa na can inda ba mu sani ba. Sandar kuwa tana jingine a bakin ƙofa, kuma yaron kullum ƙara tsawo yake yi.