Pyo Man-sik da sandarsa ta busa

Shekara ashirin da bakwai na yi ina tsaye a ƙasa a ma'aikatar ƙera jiragen ruwa ta garinmu, ina ɗaga wa Pyo Man-sik hannu, shi kuma yana can sama cikin injin ɗaga kaya yana juya sandar sarrafa injin. Bai taɓa sauke ƙarfe a inda ban nuna ba. Taurin kai kuwa, Allah ya ba shi har ya yi yawa.

Da ya yi ritaya sai ya shiga ƙungiyar tsofaffi masu busa saksofon, kamar rabin mazan unguwarmu. Bai iya sosai ba, gaskiya ɗaya ce, amma 'yarsa Ye-rin ta sa ya yi mata alkawarin shi zai busa waƙar taya murna ranar aurenta. Saura wata huɗu biki likita ya duba huhunsa, ya ce ƙurar walda ta gama da shi, kada ya sake busa ko usur.

"Yaya, a ɗauko mawaƙi mana," na ce masa. "Zauren biki na da su."

"Kai ma a ɗauko wani ya ci maka abincinka," ya ce.

Ya shiga ajin kwamfuta na tsofaffi, ya koyi manhajar haɗa kiɗa wadda ke fitar da muryar saksofon. Yatsunsa masu kauri suka ƙi madannai, in ya nufi ɗaya sai ya danna uku. Sai ya je kasuwar tsofaffin kaya ya sayo sandar wasan gem, irin ta tuƙa jirgin sama. Sati biyu ya yi yana haɗa ta da manhajar. In ya tura gaba sauti ya ƙaru, in ya ja baya ya lafa, in ya karkata gefe murya ta lanƙwasa, maɓallin babban yatsa kuma ya kai shi sauti na gaba. Hannun nan ya dawo gida, har kafaɗarsa ta koma yadda na san ta.

Ya kira mu, ni da matarsa Gil-ja, mu saurara. Babu kuskure ko ɗaya, amma ni dai ban ji komai a raina ba, kuma na rasa dalili.

Gil-ja tana yanka kabeji, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Baban Ye-rin, wannan abin naka ba ya numfashi. Tun da ka fara nake jira ya tsaya, har ƙirjina ya gaji."

Ta faɗi gaskiya. Mai injin ɗaga kaya ba ya tsayar da kaya a iska, daga ɗauka sai saukewa, a ja ɗaya. Haka ya ja waƙar tun daga farko har ƙarshe. Man-sik ya yi kwana biyu yana fushi. Rana ta uku na same shi yana busa iska da baki yana juya sanda, duk inda numfashi ya ƙare masa sai ya saki sandar, sauti ya tsaya. Numfashin nasa kuwa gajere ne, waƙar ta koma gutsi-gutsi.

"Yaya, ka riƙa tsayawa inda mai lafiya zai tsaya mana."

"Mai lafiya ne ya yi wa Ye-rin alkawari?"

Zauren biki rabin awa yake ba kowace amarya, waƙa minti uku, dangin amarya ta gaba na jira a ƙofa. Ranar auren, Man-sik ya zauna da kwamfuta a cinya, sanda a kan kujerar gefensa, baƙi suna murmushi suna taɓa juna. Ya fara. Sauti huɗu, ya tsaya ya ja iska. Sauti biyar, ya tsaya. Makirufo na kusa da bakinsa, kowa yana jin yadda iskar ke shiga da ƙyar. Murmushin ya ɗauke. Ni tausayi ya kama ni har na sunkuyar da kai.

Tsaye-tsayen suka cinye lokaci. Minti uku suka cika saura baiti guda, ma'aikaciyar zauren ta matso tana yi masa alama ya rufe. Bai ko kalle ta ba. Ye-rin ta tattara rigarta ta sauko daga dandamali, ta tsaya tsakanin matar da ubanta.

"Baba, ja numfashinka a hankali," ta ce. "Mu muke da zauren har ka gama."