Loma Uku a Kaskon Sadiƙ

Shekara huɗu ke nan da rasuwar Sadiƙ, ƙanin maigidana. Ni rubutu ba aikina ba ne, amma bana na ce sai na faɗi wani abu a kansa.

Tare muka zauna a unguwar Cheras, can ƙasar waje inda suka je karatu. Yayansa yana digiri na uku, shi yana na farko, ni ina kicin. Duk Asabar Sadiƙ yana wurin wata tsohuwa 'yar Japan, yana koyon girkinsu da ginin tukwane. Ya dawo hannu duk yumɓu, ya jera mini 'yan kasake karkatattu. In ce, "Malam, karatu aka turo ka ko gini?" Ya ce, "Boleh lah, Anti," wato ba matsala a yaren mutanen can, "duk karatu ne."

Da aka kulle gari, korona ta kama ni ina da ciki. Na warke, amma baki ya ƙi abinci. Likita ta ce in ban ci ba, abin da ke cikina zai wahala. Maigida ya yi irin tamu, ya cika faranti taf ya tsaya a kaina: "Daure ki cinye." Ina ganin tulin sai in kau da kai.

Rannan Sadiƙ ya fito da tire. Dunƙulen shinkafa kamar ƙwan zabo, yankan kifi ɗaya, romo a ɗan kaskonsa. Na ce, "Wannan rowar fa? A gidanku aka koya maka?" Ya ce, "Loma uku ce, Anti. In kin ƙi, ni na samu." Don kar ya samu na cinye. Can anjima ya kawo wani. Haka muka yi ta yi har na haifi Hanifa lafiya.

Bayan wata huɗu cutar ta ɗauke shi. A can aka binne shi.

Yanzu ina ganin 'yan mata a waya suna ɗaukar hoton abincin Japan kafin su ci. Da yana nan, na san dariya zai yi ya tambaye su ko sun iya dafawa.

Da muka dawo Kano, na tarar da Hajiya, mahaifiyarsa, ta daina ci. Kowa ya zo sai ya cika mata kwano yana lallashi. Na shiga kicin, na fito da 'yar malmala ɗaya da miya cokali biyu. Dangi suka kalli juna. Na durƙusa na ce, "Hajiya, haka Sadiƙ ya ciyar da ni."

Ta daɗe tana kallon abincin. Sannan ta ce a ba ta ruwa ta wanke hannu.

Allah Ya jiƙan Sadiƙ, Ya haskaka kabarinsa.