Gishirin Awe da Ban Kai wa Sista Aminat Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata 14 ga Janairu, bayan la'asar, Rosaline, abokiyar aikinki a ɗakin tiyatar yara, ta kira ni ta ce Allah ya yi miki rasuwa. Na ce to. Na ajiye wayar na zauna a bakin murhu, ban tashi ba sai da tuwo ya kama.

Sista Aminat Kyari, mutane da yawa a garin Lafiya za su faɗi alherinki. Ni abin da ke tsakaninmu bashin ban haƙuri ne, shekara biyu ina jan ƙafa.

An yi wa 'yata Halimatu Sadiya aikin hanji tana da shekara shida. Da aka ba ta izinin sha, kika ce ƙaramin kofi ne kawai, kina kuma auna fitsarinta kina rubutawa. Ni kuwa a gidanmu ba a hana marar lafiya ruwa. Kakarta ta aiko da rubutu cikin galan, ni na ƙara da fiya wata, ga ƙarin ruwa yana ɗiga a hannunta. Kina juya baya sai in ɗura mata. A raina ina ganin ni ce mai tausayi.

Rana ta biyu da hantsi ta ce kanta na ciwo, ta yi amai, ta fara barcin da ba na barci ba. Kika duba takardar fitsari, kika leƙa ƙarƙashin gado, kika jawo galan ɗin da na rufe da zane. Gaban matan ɗakin na ce miki marar imani, mai hana yarinya ayar Allah. Kika ɗebi jininta, kika tafi neman likita da sassarfa, ƙafafunki a kumbure don tsayuwa. Kafin ku dawo ta fara jijjiga.

Likita ya ce gishirin jininta ya sauka. Wani lokaci bayan tiyata jikin yaro yakan riƙe ruwa ya ƙi fitarwa, ruwan ya tsinka gishirin, har ya taɓa ƙwaƙwalwa. Aka sauya mata ƙarin ruwa, aka sa mai gishiri da awo. Ni 'yar garin Awe, da na tashi ina ganin uwata tana dafa gishiri, na ce a bari in aika gida a kawo. Kika yi murmushin gajiya kika ce, "Maman Sadiya, ba gishiri ya kasa ba, ruwa ne ya yi yawa. Rubutun ma ki kawo, mu shafa mata a goshi." Da hannunki kika shafa.

Bayan kwana uku ta farka ta nemi ƙosai. Ranar sallama na kasa haɗa ido da ke. Kika ce cikin tsokana, "Gishirin Awen nan fa, ni za ki kawo wa." Na ce insha Allahu. Na sa an kawo mai kyau, na ɗaure a leda, na ce zan kai tare da ban haƙuri. Yau aiki, gobe biki, jibi kunya. Sau nawa keke napep ya wuce da ni ta ƙofar asibitin ina kau da kai. Na gaji da kaina, wallahi.

Allah ya jiƙanki, ya gafarta miki, ya shayar da ke daga Alkausara. Allah ya ba maigidanki Malam Sharafaddeen da 'ya'yanki da abokan aikinki haƙurin rashi.

Ranar sadakar uku Sadiya ta riƙe ledar har gidanki, muka ba masu girki. Sun ce sun zuba a abincin sadakarki. Ki yafe mini, Sista.

Suwaibatu Ashemi, Lafiya