Anti Uwani, Kin Tafi Yara Suna Kan Layi

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Ranar Talata, sha biyu ga Agustan 2025, cikin watan Safar, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Hajiya Uwani Ɗahiru, ma'aikaciyar jinya a wani ƙaramin asibiti da ke Tarauni, wadda dukkanmu muke kira Anti Uwani. An yi mata sutura bayan la'asar a gidanta na Gyaɗi-Gyaɗi. Ni Husaina, wadda na yi shekaru ina aiki a ƙarƙashinta a ɗakin yara masu tamowa, tun ranar na kasa zama wuri ɗaya. In na shiga ɗaki ya yi mini ƙunci, in na fito in rasa inda zan dosa. Shi ya sa na ɗauki biro, ko Allah zai sa in samu sassauci.

Anti, kin sha ba mu labarin yadda kika kama aiki a shekarar da sojoji suka koma bariki. Kika ce a lokacin kowa ya ɗauka wahala ta ƙare, tunda mulki ya dawo hannun farar hula. Daga baya da aka yafe wa ƙasar nan wani kaso na bashin da ƙasashen waje ke binta, kika zaci yanzu kam za a ga canji a ɗakin magani. Kina ba mu labarin kina dariya, irin dariyar wanda ya daɗe da daina mamaki.

Duk wanda ya san ki ya san 'yar rediyon da ke aljihun rigar aikinki. Kina auna yaro, kunnenki yana kan labaran duniya. Mu yara a aiki muka riƙa yi miki tsiya, wai ina ruwan ma'aikaciyar jinya da taron manyan ƙasashe. Ranar da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukiren kika shigo ranki a ɓace, wata daga cikinmu ta ce, "Anti, ko kina da dangi a can ne?" Kika ce, "Ki bari a kwana biyu, ki je ki tambayi mai shayin bakin ƙofa kuɗin burodi." Ba a daɗe ba muka daina tsiyar. Haka da aka cire tallafin mai, naira ta zube, tun ba mu lura ba kika ce iyaye mata za su ragu a layi. Kika ce ba sauƙi yaransu za su samu ba, kuɗin adaidaita ne zai gagare su. Suka kuwa ragu. Sai kika fara bin su gida bayan an tashi aiki, daga lungunan Tarauni har Ƙauyen Alu, da jakarki da abin auna dantsen yaro.

Abokan karatunki sun watse, wasu Saudiyya, wasu Ingila. Ke ma an neme ki, ba sau ɗaya ba. Ba ki taɓa zagin wadda ta tafi ba, har rakiya filin jirgi kike yi. Amma kina dawowa sai ki yi ta kai da kawowa a baranda, kina cewa ƙasashen da suka fi mu likitoci su ne ke ɗibar ɗan abin da muka horar, mu kuma mun kasa riƙe su.

Sai farkon shekarar nan. Wata safiya kika kashe rediyon da kanki, abin da ban taɓa gani ba, kika ce mu zauna. Kika gaya mana masu ba da tallafi daga waje sun janye hannu, kuma abincin yaran tamowa, wannan mai kama da tunkuza a 'yar leda da muke rabawa duk Alhamis, ba lallai ya ci gaba da iso mana ba. Muka riƙa tsimin abin da ya rage, har ranar da muka buɗe kwali na ƙarshe.

Ba zan manta Alhamis ɗin da ta biyo baya ba. Damina ta kankama, lokacin da hatsi ke ƙarewa a gidaje. Wani mai adaidaita, Ɗan'azumi, wanda bai daɗe da baro ƙauyensu ba, ya shigo da 'yarsa Ramatu a kafaɗa, matarsa tana biye. Yarinyar ta kusa shekara biyu, amma ko zama ba ta iyawa. Ya ce, "Sista, an ce a nan ake ba da na leda." Na sunkuyar da kai. Ke kuwa kika karɓe ta, kika duba idonta da ƙafafunta, kika ba ta ruwa a cokali kika ga ta haɗiye. Kika ce masa, "Babu na leda. Amma tana karɓar abinci, da sauran dama. In an tashi ka biyo ni gida da mahaifiyarta."

A tsakar gidanki aka fara. Gero, waken suya da gyaɗa, a soya, a niƙa, a dama kunu mai kauri da ɗan mai. Kika zaunar da matar Ɗan'azumi ta yi da hannunta har ta iya. Kika ce mana guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Mako ya zagayo mata biyar suka zo, wani makon tsakar gidan ya cika har soro. Maigidanki, Malam Shehu, ya kwashe tabarmarsa ya koma ƙofar gida, daga baya ma shi ke zuwa kasuwa sayo waken.

Ba ki taɓa ruɗin kowa ba. Kina faɗa wa iyaye garin nan abinci ne, kuma yaron da ya kumbura ko ya daina ci, babban asibiti za a kai shi nan take. Wasu an kai su a kan lokaci. Wasu an makara. Akwai yaron da ya cika a hannunki muna neman abin hawa. Ranar ba ki yi kuka ba. Kika ce, "Wanda ya yanke hukuncin janye tallafin nan a can bai san da yaron nan ba. Amma namu da suka bar mu muna jiran na wani, sun san hanyar unguwar nan ranar neman ƙuri'a." Daga nan kika wanke hannu kika ce a shigo da na gaba.

Mun san kina da hawan jini. Mun roƙe ki ki huta, kika ce sai kaka ta yi, sabon hatsi ya shigo. A wurin mai injin niƙa kika yanke jiki kika faɗi, kina jiran a zuba miki garin yara. Ɗan'azumi ne ya ɗauke ki zuwa asibiti, yana tuƙi yana salati. Kafin Malam Shehu ya iso, rai ya yi halinsa.

Akwai abin da ke hana ni sukuni, Anti. Ni ma na samu aiki a waje, kin sani, ke kika ce in yi istihara kada in ji kunyar kowa. Ina da iyaye da ƙanne da ke kallon hannuna. Amma ranar sadakar uku, muna zaune wurin karɓar gaisuwa, sai ga mata daga Ƙauyen Alu da Tarauni, kowacce da ɗan gero ko gyaɗa ƙulle a bakin mayafi. Matar Ɗan'azumi tana gaba, Ramatu tana takawa da ƙafarta riƙe da zanen uwar. Suka yi gaisuwa, suka ajiye ƙunshinsu a gabana. Wata dattijuwa ta ce, "'Yar nan, yaushe za mu zo?" Na duba hagu da dama, babu wanda zai amsa sai ni. Na ce Alhamis. Abin da zai biyo bayan Alhamis ɗin ban sani ba, har yanzu zuciyata ba ta tsaya ba. Amma na faɗa, kuma zan zo.

Ya Allah, ga baiwarKa Uwani ta zo gare Ka. Ka gafarta mata, Ka yi mata rahama, Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi. Duk cikin da ta ciyar, Ka sanya shi a mizaninta, Ka shayar da ita daga tafkin ManzonKa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ka sa Aljannar Firdausi ce makomarta.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Malam Shehu, da 'ya'yanta Ja'afar da Khadija, da 'yan'uwanta, da abokan aikinmu, da iyayen yaran da suka rasa uwa ta biyu. Allah Ya ba mu haƙurin rashinta, Ya ba mu ƙarfin ɗaukar abin da ta sauke, Ya sa mu cika da imani idan tamu ta zo. Amin.